WASULA BIYAR NE KAWAI? KUSKUREN DA AKE GADAR WA YARA A HAUSA DA TURANCI



Yau magana ce a kan wata jimla da kusan kowa ya haddace tun yana aji ɗaya: "Wasula biyar ne, a, e, i, o, u." Malamin Hausa yana faɗar ta, malamin Turanci ma yana faɗar ta, haka kuma take a jikin takardun hotunan nan da ake saya a kasuwa a liƙa a bangon aji. Mai karatu, jimlar nan ba daidai take ba a Hausa, ba kuma daidai take ba a Turanci. Haruffan wasula ne biyar. Sautukan da baki yake furtawa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Rashin rarrabe harafi da sauti shi ke sa ɗalibi a nan Balan, ko a Gaya da Ajingi, ya kai aji shida na sakandare bai iya bambance "sit" da "seat" ba, ballantana "cat" da "cut".

Mu fara daga gida. Hausa tana da gajerun wasula biyar da dogaye biyar, sai tagwaye, wato ai da au. Goma sha biyu ke nan, kamar yadda Paul Newman ya lissafa a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Wasu malamanmu suna ƙara ui su zama goma sha uku. Zan ninka dogon wasali a misalan nan don ka gani da idonka:

gari, inda ake zaune; gaari, na tuwo
dafa abinci, daafa kafaɗa
duka, gaba ɗaya. Duuka, da sanda
fito waje; fiito da baki
suna zuwa, suuna mai daɗi

Har nahawu abin ya shafa. In ka ga an rubuta "Audu ya zo", to ko dai labari ake ba ka cewa ya riga ya iso, a ja wasalin "ya", ko kuma umarni ne cewa ya taho, a gajarta shi tare da sauke murya. Haka azumi da ake yi a watan Ramalana wasalinsa na ƙarshe dogo ne, amma na Azumi sunan mace gajere ne.

Rubutun boko bai nuna wannan bambanci ba. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, harafi ɗaya ake ba dogo da gajere. Bayan taron Bamako na 1966 an riƙa ninka dogon wasali a rubutun Hausar Nijar, daga baya taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninkin. Ba ina cewa a rushe ƙa'idojin rubutu ba ne. Bahaushen da ya ƙware a karatu ma'anar jimla take gaya masa wane "gari" ake nufi. Abin da nake suka shi ne a ɗauki gajartawar da aka yi don sauƙin rubutu a koyar da ita a matsayin gaskiyar harshe. Yaro yana furta wasula goma sha biyu tun kafin a sa shi makaranta, sai ya shiga aji a ce masa biyar gare shi.

Abin mamaki, makarantar allo ba ta yi wannan sakaci ba. Almajiri ya san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, ya kuma san in alif ko ya ko wawu suka biyo baya to ja ake yi. In ya ja inda ba a ja, nan take malam zai tsayar da shi. Ajamin Hausa ma yana nuna tsawon wasali ta wannan hanya. Ka ga ke nan mafi yawan yaranmu da kunnen da ya horu suke zuwa firamare. Boko ne yake watsar da wannan jari.

To, mu leƙa Turanci. Turancin Ingila da ƙamusoshi suke nuna furucinsa yana da wasula kusan ashirin, duk a kan haruffan nan biyar. Gajerun cikinsu bakwai ne: na "sit", na "bed", na "cat", na "cup", na "hot", na "put", sai raunanan nan da ke farkon "about". Rubutun kuwa bai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba. Wasalin "bed" shi ne dai a "head" da "said" da "many" da "friend". Na "cup" shi ne a "son" da "young" da "blood". Harafin u shi kaɗai sauti huɗu yake bayarwa a "cup", "put", "busy" da "bury". Dalilin yana cikin tarihi. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara zama daram, alhali furucin dogayen wasulansu yana ta sauyawa tun daga wajen 1400 har zuwa wajen 1700. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. A darasin sautuka na Turanci, wasalin "cake" da na "bike" da na "hope" su ake kira dogayen wasula, saboda suna faɗar sunan harafin. Sai malami ya fassara wa yara kai tsaye, ya ce "dogon a". Yaron da ya san gari da gaari me zai fahimta? Zai ɗauka jan sautin ake yi, ya ce "kaak". Alhali wasalin "cake" ba ja ba ne, tagwai ne, baki yana farawa a wuri ɗaya ya ƙare a wani, kamar yadda yake yi a "kai" da "sau". Wasalin "bike" ma kusan ai ɗinmu ne. Kalma ɗaya, "dogo", tana nufin abu biyu a aji biyu da ke jere da juna, ba kuma wanda ya tsaya ya gaya wa yaron.

Wannan ne ya kawo ni kan Jolly Phonics, tsarin da Sue Lloyd da Sara Wernham suka gina a Ingila, wanda ya shigo firamaren gwamnati a jihohi da dama na Najeriya. A ba shi haƙƙinsa: ya raba yara da haddar sunayen haruffa, ya koya musu sauti 42 a rukuni bakwai, yana farawa da s, a, t, i, p, n, yaro ya haɗa su ya karanta kalma da kansa. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai asalinsa don yaron da ya tashi da Turanci aka yi shi, wanda sautukan suna cikin kunnensa, harafi kawai ake nuna masa. Yaronmu kuwa wasu sautukan bai taɓa jin su ba. In malamin da ke riƙe da littafin shi ma "cat" da "cut" duk "kat" yake cewa, to waƙa da motsin hannu ba za su raba su ba. Za a yi rawa, a tafa, a tashi da wasali ɗaya.

Ba a makance ya kamata a shiga aikin ba, don Hausa da kanta ta nuna mana inda ɗanta zai yi tuntuɓe. Dubi kalmomin aro. Gajeren e da gajeren o ba su cika zama a tsakiyar kalmar Hausa ba, sukan karkata su koma a. Shi ya sa "general" ya zama janar, "messenger" ya zama masinja. Wasalin "hot" in ya biyo bayan k sai ya koma "kwa": kwafi, kwaleji. Wasalin "cup" ya rabu gida biyu. A bas da famfo da kamfani ya zama a, a kofi da joji da bokiti ya zama o, irin yadda 'yan kudu suke furta shi. Farfesa Munzali Jibril, a bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Lancaster a 1982, ya yi nazarin irin wannan bambanci tsakanin Turancin Bahaushe da na kudancin Najeriya. Sannan gajeren i da gajeren u suna musanya a bakinmu ba tare da ma'ana ta sauya ba, biki ko buki, siminti ko sumunti. A Turanci kuwa "pit" rami ne, "put" ajiyewa.

Sai batun gaɓa, wanda a ganina shi ne mabuɗin. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. Furta "gida" sannan ka furta "gidan", za ka ji wasalin ƙarshe ya tsuke da zarar n ta rufe shi. Haka "rana" da "ranar". Saboda haka "sit" da "ship" da "full" ba su ne masu wuya ga Bahaushe ba, don sun dace da ginin harshensa. Masu wuyar su ne "seat" da "sheep" da "fool", inda ake son ya ja wasali alhali baƙi ya rufe gaɓar. Malamin da ya san wannan ba zai ɓata mako guda yana nanata abin da yara suka riga suka iya ba.

Wannan ƙa'ida tamu ita ce kuma gadar da za a bi a koyar da rubutun. Kwatanta baba da babba. Ninka baƙi ya rufe gaɓar farko, wasalin ya gajarce. To haka ninkin yake yi wa ido ishara a Turanci: "hopping" da "hoping", "dinner" da "diner", "latter" da "later". In ka ga baƙi biyu, wasalin da ke gabansu gajere ne. Bambancin ɗaya ne, kuma dole a faɗe shi: mu muna furta baƙaƙen biyu duka, Bature kuwa ɗaya yake furtawa. Minti biyar sun isa a nuna wa ɗalibi wannan, amma sai malamin Turanci ya san baba da babba, ko ya tambayi wanda ya sani.

Wani zai ce, to Malam, dole ne sai mun yi magana kamar mutanen Landan? A'a, ba dole ba ne. Turancin Najeriya yana da kamanninsa, ba kuma abin kunya ba ne a ji Hausa a bakin Bahaushe. Amma akwai bambancin da ma'ana ta rataya a kansa, kamar "live" da "leave", ko "pull" da "pool". Akwai kuma jarrabawa. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC tambayoyi 60 ce a kan furuci, a rubuce ake amsa su, ba wanda zai furta maka komai. Za a ba ɗalibi kalma irin "cup" a ja layi ƙarƙashin wasalinta, a ce ya zaɓi mai irin sautin tsakanin "put", "come", "cope" da "cute". Wanda aka rena a kan cewa harafi shi ne sauti zai tafi ga "put" ko "cute" don ya ga u, alhali amsar "come" ce. Ba tare da kiredit a Turanci ba kuwa, ko jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Wudil kusa da mu ba za ta ba shi gurbi ba. Makin da ya zube a aji shida na sakandare tun aji ɗaya na firamare aka huda masa buhu.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Malamin Hausa, ka daina cewa biyar ba tare da ka ce "haruffa" ba. Ka rubuta gari da gaari a allo don darasi, yara su ji su gani, sannan ka gaya musu a ƙa'idar rubutu ba a ninkawa. Malama mai koyar da Turanci, ki fara da kunne kafin alli: ki furta "bed" da "bad", yara su ɗaga hannu ɗaya ko biyu gwargwadon wadda suka ji, sai sun ji bambancin sannan a rubuta. In furucin ya shige miki duhu, ƙamusoshin da ke cikin waya suna furta kalma in an danna ta. Wasalin "cake" kuma a kira shi tagwai, a bar "dogo" ga wanda ake ja da gaske. Shugabannin makarantu su haɗa malaman darussan biyu su zauna ko sau ɗaya a zango, su jera wasulan Hausa a gefe guda, na Turanci a ɗaya gefen, su ja layi tsakanin waɗanda suka yi kama, su zagaye waɗanda babu irinsu a Hausa. Waɗannan da aka zagaye su ne aikin zangon.

Iyaye ma da rabonsu. Da daddare ka ce wa ɗanka ya kawo maka kalmomin Hausa biyar da ake rubuta su iri ɗaya amma ja ya raba ma'anarsu. Ba sai ka iya Turanci ba. In ya kawo su, ka riga ka buɗe masa kunnen da malaminsa zai yi aiki da shi gobe.

Allah ya ƙara mana fahimta, ya sa mu dace.