Mita kafin sifana

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai babur ya koyi tattali. Yanzu da batir ya fara mutuwa, fitila ta yi ja kamar aci-balbal, sai mutum ya buɗe YouTube, ya sayo sabon koyil, ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya hau aiki. Ba na ƙin wannan. Wanda ya san cikin mashin ɗinsa, da wuya a yi masa ƙarya a gareji. Abin da ke damuna shi ne bidiyo yana koya maka kwancewa da ɗaurawa, amma ba ya koya maka gano cuta.

Ni ma na taɓa faɗawa. Yini guda na ɓata, na zubar da baƙin mai, na yaga gasket, ga ba ni da abin ciro maganeto, har na ɗauki guduma kafin maƙwabci ya riƙe mini hannu. Ya yi gaskiya: bugu ɗaya na iya tsaga maganaɗisun ciki, garin neman gira a rasa ido. Na aro na'urar, na ɗaura sabon koyil. Bayan kwana uku batir ya sake kwanciya.

Na tura mashin wajen wani dattijon bakanike. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ka auna?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ɗora mita a kan batir, ya murɗa totur. Batir mai volt 12 ya kamata ya nuna wajen 14 idan inji na aiki. Nawa ko motsi bai yi ba. Ya bi waya da yatsa har soket ɗin da ke shiga rektifaya, ya tarar ya narke, ya yi baƙi ƙirin.

Koyil ne ke haifar da wuta yayin da maganeto ke juyawa a kansa, rektifaya ya gyara ta yadda batir zai sha, wayoyi su kai ta. Duk wanda ya gaza cikin ukun, alamar ɗaya ce. Saboda haka ka yi gyaranka da hannunka, amma mita ce sayayyar farko; kuɗinta bai kai asarar kwance inji a banza ba.

Tsohon koyil ɗin yana nan rataye a ƙusa cikin zaurenmu, lafiyarsa ƙalau.