Kwalejin Ilmi da Ƙishirwar Digiri: Tsokaci a kan Dokar 2023

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tsokaci a kan dokar shekarar 2023 wadda ta ba kwalejojin ilmi na Tarayya ikon bayar da digiri da kansu, tare da takardar shaidar malanta ta NCE. Ɗalibai da malamai da yawa sun yi maraba da ita. A nawa ganin kuwa, ana so a yi wa ɗaki jinka ne alhali bango na tsagewa.

2.0 Asalin Kwalejin Ilmi

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a waiwayi tushe. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya nuna cewa Nijeriya na da ƙarancin ƙwararrun malamai, kuma jami'a ita kaɗai ba za ta iya cike giɓin ba. Wannan ne ya share fagen kafa manyan kwalejojin horon malamai, irin su ta Zariya a 1962. Bayan an ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, sai Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙudurta cewa a ƙarshe NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A 1989 aka kafa hukumar NCCE domin kula da ingancin karatun. Watau dai, tun farko aikin kwaleji ɗaya ne tak: samar da malamin da zai tsaya gaban allo a firamare da ƙaramar sakandare.

3.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Hujjar masu goyon bayan dokar ita ce ɗalibai na gudun kwaleji saboda ba ta bayar da digiri. Akwai gaskiya a ciki, domin mai NCE yakan shafe shekara uku, sa'an nan ya koma jami'a ya fara daga aji biyu. Amma wannan alama ce ta cutar, ba cutar kanta ba.

Na farko, akwai matsalar ƙofar shiga. A 2025, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a taron hukumar JAMB shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin ilmi, cikin maki 400. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ci kashi ɗaya bisa huɗu na jarrabawa an yarda ya zama malamin 'ya'yanmu. Ɗalibi ya san haka, iyayensa sun sani, shi ya sa yake shigowa da karyayyar zuciya, yana ɗaukar kwaleji tamkar tashar jiran mota.

Na biyu, akwai gwajin koyarwa, wanda shi ne ƙashin bayan horon malami. Na taɓa fita duba ɗalibai a wani ƙauye, na tarar an danƙa wa ɗalibata aji mai cunkoso, malamin ajin ya ɗauki zuwanta hutu, ya tafi gona. Sau ɗaya na sami damar ganinta, na ba ta maki, na juyo. Wane digiri ne zai gyara wannan?

Na uku, akwai makomar wanda ya gama. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare fiye da 21,000 sun kasa cin makin da aka ƙayyade a jarrabawar gwaji. Ko me za a ce game da tsarin jarrabawar, wajibi ne mu masu horar da malamai mu ɗauki rabonmu na laifin. Sai dai kuma mai hazaƙa ba zai zauna cikin aikin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 ta amfani tsofaffin hannu, amma ba ta jawo sabon jini ba.

4.0 Haɗarin Taura Biyu

Hausawa sun ce ba a cin taura biyu a lokaci guda. Malaman da ke koyar da NCE su ne za su koyar da digiri, a ɗakunan karatu guda, da ɗakin littattafai guda. Babu shakka hankalin hukuma da na malamai zai karkata wajen digiri, tun da can ne martaba take. Bugu da ƙari, mai digiri birni yake hange, ba firamaren ƙauye ba. Ke nan ana iya wayar gari kwaleji ta zama ƙaramar jami'a, firamare kuwa ta rasa mai yi mata tanadi.

5.0 Kammalawa

Ba cewa nake a soke dokar ba, domin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shawarata uku ce. A ɗaga makin shiga kwaleji ya yi daidai da na jami'a, a haɗa da tallafin karatu ga wanda ya zaɓi malanta. A ware kuɗin gwajin koyarwa daban, yadda za a duba kowane ɗalibi sau uku aƙalla. Daga ƙarshe, kada a bar kwaleji ta buɗe sashen digiri sai ta nuna cewa sashenta na NCE ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da ke aji ɗaya bai san sunan takardar malaminsa ba. Abin da ya sani shi ne ko an koya masa karatu.