Ganuwa: Nazarin Dabarar Kare Birni a Ƙasar Hausa

Masarautun ƙasar Hausa sun kafu ne a sarari, inda babu tsaunuka ko manyan koguna da za su tare rundunar mahaya. Abin da ƙasa ba ta ba su ba, sai suka gina da hannunsu. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya aza harsashin ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa ta. A Zazzau ana danganta garuka da dama ga Sarauniya Amina. Kanta na Kabi ya kewaye Surame da ginin dutse, Tanimu na Damagaram kuwa ya gina wa Zinder garu, har ya sa aka ƙera masa igwa.

Hikimar ganuwa tana cikin abin da ta kewaye. Maginanta ba su tsaya a bakin gidaje ba. A Kano sun haɗa da Dala da Goron Dutse, da gonaki da makiyaya da kududdufai. Idan labarin yaƙi ya iso, mutanen karkara sukan shigo da iyali da dabbobi, a rufe ƙofofi. Maharin da ya yi wa gari ƙawanya yakan tarar guzurinsa ya ƙare, na ciki kuwa suna da hatsi da ruwa. Kafin ya isa bango ma sai ya ƙetare gwalalo da sarƙaƙiya, inda doki ba ya da amfani, ga 'yan baka a bisa badala. Ƙofar kanta ƙunci gare ta, kowace da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice.

Sai dai ginin ƙasa ne, damina tana cinsa kowace shekara. Saboda haka bayan kaka akan yi gayya, a raba wa hakimai da jama'arsu ɓangarorin da za su gyara. A nan ne asirin al'adar yake. Tsayin ganuwa ma'auni ne na yadda talakawa ke amsa kiran sarki, gari mai zubabben garu kuwa ya riga ya sanar da maƙiyi halin da yake ciki.

Yadda Kano ta riƙa faɗuwa ya tabbatar da haka. A jihadi, Sarki Alwali ya sha kaye a Ɗanyaya, daga hannun mutanen ƙasarsa. A Basasa, bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, 'ya'yan gidan sarauta ne suka fita Takai suka yi sansani, suka dawo suka ƙwace birnin a 1894 ƙarƙashin Alu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko a Fabrairun 1903, da Kanar Morland na rundunar Turawa ya zo da igwa, ya tarar Alu ya tafi Sakkwato da mayaƙansa da yawa. Gaskiya ne tubali ba zai jure wa makaman Turawa ba, amma ganuwar da aka ci a yini guda ta rasa da yawa daga masu tsaronta tun kafin a harba komai.

Wannan al'ada tana da tabonta. Yawan aikin ya hau kan bayi da talakawa, kuma ƙananan ƙauyuka marasa garu su suka fi shan hari. Kariya ta taru inda mulki ya taru.

Yau ganuwar Kano tana cikin jerin wucin gadi na UNESCO tun 2007, amma ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta. Ya kamata a ceci ragowarta. Darasinta ma ya fi ginin buƙatar ceto, domin garuruwan da 'yan bindiga ke addaba a Zamfara da Katsina suna neman abin da magabata suka tanada: abinci a ajiye, ido a kan ƙofa, da shugabannin da jama'a za su fito idan sun kira. A wannan karon kuwa, tilas kariyar ta kai ga ƙauye.