Sawaba ba calme ba ce

Littafin Klaas van Walraven kan jam'iyyar Sawaba ya fito da Ingilishi a 2013, fassararsa ta Faransanci kuma a 2017 da suna Le désir de calme. Shafinsa kusan dubu, amma duk wanda ya daure ya karanta zai daina cewa Faransa "ta ba mu" 'yancin kai kamar goron salla.

Abin da ya fi burge ni shi ne babin 1958. De Gaulle ya ce duk ƙasar da ta jefa a'a ranar 28 ga Satumba ta samu 'yanci nan take, amma Faransa za ta kwashe komatsanta. A Gine, da Seku Ture ya ce a'a, haka sunka yi. A Nijar kuwa lissafi ya bambanta: muna iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi tun 1954, ga kuma yuraniyom da aka gano a Azelik. Jibo Bakari ya nemi a'a, sai aka turo Gwamna Colombani ya jawo sarakuna, giwa ta taka raƙumi, i ta ci da wajen kashi 78. A 1959 an haramta Sawaba. Marubucin ya nuna, da takardu da bakin tsofaffin 'yan jam'iyyar, cewa shawarar da ake yi a Paris ita ce hannun wa za a bar mabuɗin gida.

Ƙorafina yana kan bangon fassarar. Mu nan Bazaga, in an ce majinyaci ya samu sawaba, ai zazzaɓi ne ya sake shi. Kalmar tana tafe da nauyin da aka sauke: haraji, aikin tilas, bulalar dogari. To calme fa? Ita ce kwamanda ke rubutawa a rahotonsa in ƙasar Ƙonni ta yi tsit, ba wanda ya ɗaga kai. Wato an ɗauki kirarin talakawa an fassara shi da burin mai mulkinsu. Ko ba da gangan ba ne, ɗan lakwal da ya ga bangon kaɗai zai zaci mutanen Jibo shiru sunka nema.

Sannan ga wani abin haushi. Hausa ce harshen da aka yi yawancin gwagwarmayar nan da shi, daga tasha zuwa kasuwa, amma jikokin masu ita sai sun bi ta Faransanci kafin su ji abin da kakanninsu sunka faɗa.