Yayin Dusashe Bayan Hoto

A bukukuwan aure na Gwandu da Kalgo, kafin mai hoto ya ɗaga kyamara an riga an gindaya masa sharaɗi: fuskar amarya ta fito tar, duk abin da ke bayanta ya narke kamar hazon hunturu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ma abin da suke nema ke nan ranar kammala karatu.

Abin ba siddabaru ba ne, lissafi ne. Farantin da ke karɓar haske a babbar kyamara yana da faɗin milimita 36 da tsayin 24. In an ɗaura mata gilashi mai milimita 50 aka buɗe shi zuwa f/1.8, ƙofar hasken ta kusa milimita 28, sai tazarar da ke fitowa sarai ta tsuke sosai. Wayar Tecno ko Infinix ma tana iya cewa f/1.8, amma farantinta ƙarami ne, gilashinta kimanin milimita 5, ƙofar ba ta kai milimita 3 ba. Shi ya sa a waya kusa da nesa duk suke fitowa. Dusashewar da take yi ta manhaja ce, wadda ta yaɗu bayan iPhone 7 Plus ta 2016, kuma takan cinye gefen gyale ko yatsun da aka yi wa lalle.

Matsalar ita ce an mai da dabara ɗaya ta zama wajibi. Mutum ya yi tattaki har hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ya tsaya a yi masa hoto, a goge ginin da ya kawo shi! Wa zai ce ba a Legas aka ɗauka ba? Alhali mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Bamako, da ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi suna ne da barin zanen labulen baya ya yi gogayya da atamfar wanda ake ɗauka.

Hoton dangi ya fi shan wahala. A f/1.8 sahun gaba kaɗai ke fitowa. Goggo da kawu da ke sahu na uku sai a gane su da launin tufafi. Da an rage ƙofar zuwa f/8, a ranar Kebbi da haske ya wadata, kowa zai fito da fuskarsa, har da katangar gidan da aka ɗaura auren.