Yabo da Zambo a Tarihin Muhammad Ali: Tarken Fim ɗin "When We Were Kings"

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tarken wani fim da Ba'amurke Leon Gast ya fitar a shekarar 1996, mai suna "When We Were Kings", watau "Sa'ad da Muke Sarakuna". Hotuna ne na gaskiya waɗanda aka ɗauka a Kinshasa, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, sa'ad da Muhammad Ali ya kara da George Foreman ranar 30 ga Oktoba, 1974. Rikicin kuɗi ya sa hotunan suka yi shekara 22 a ajiye kafin a haɗa su, aka daɗa musu hira da wasu marubuta. A watan Maris na 1997 fim ɗin ya sami lambar yabo ta Oscar.

Abin da ya ja hankalina shi ne, na sha nuna wa ɗalibai wannan fim a darasin adabin baka, kuma kusan kullum sai su tashi suna ganin sun san tarihin Ali. Ni kuwa abin da nake son nunawa shi ne, waƙar yabo ce aka yi da hoto, mai ubangida da abokin gaba da 'yan amshi, irin wadda muka sani wajen makaɗan maza. Bambancin kawai, duk Bahaushen da ya saurari Ɗan Anace yana zuga Shago ya san makaɗi ne ke magana, ya san akwai zuga a ciki, sai ya auna. Mai kallon wannan fim ba a ba shi wannan damar ba, domin an miƙo masa abin da sunan tarihi.

2.0 Gwarzon da aka yi wa waƙar

An haifi Ali a birnin Louisville ranar 17 ga Janairu, 1942, aka raɗa masa suna Cassius Clay. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, ya ƙwace kambun duniya na ajin masu nauyi daga hannun Sonny Liston a watan Fabrairu na 1964, sa'an nan ya bayyana musuluntarsa ya sake suna. Ranar 28 ga Afrilu, 1967, ya ƙi amsa kiran shiga soja a zamanin yaƙin Biyetnam. Aka tuɓe masa kambu, aka hana shi dambe har shekara uku da rabi, watau daidai lokacin da ƙarfin ɗan dambe yake kan ganiyarsa. Da ya komo, Joe Frazier ya ci shi a 1971, Ken Norton kuma ya karya masa muƙamuƙi a 1973. To, waɗannan biyun su ne Foreman ya gama da kowannensu a turmi na biyu. Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cinsa ba. Ali yana da 32. Saboda haka tsoron da ake gani a fuskokin mutanen Ali a cikin fim ɗin na gaskiya ne.

Dole a yaba wa fim ɗin a kan yadda ya fayyace damben kansa, kuma a nan ne marubuci Norman Mailer ya yi rawar gani. Shi ne ya nuna wa mai kallo cewa a turmin farko Ali ya riƙa buɗe hari da hannun dama kai tsaye, ba tare da ya share fage da hagu ba, abin da ƙwararru ba su yi wa juna domin raini ne, kamar ka ce wa mutum bai da saurin da zai kauce. Wannan ya harzuƙa Foreman. Daga turmi na biyu sai Ali ya daina zagayen da ya yi ta alkawarin zai yi, ya jingina da igiya, ya tare fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana ta jibgar haƙarƙarinsa da damatsansa, shi kuwa yana danne masa wuya yana yi masa gatse a kunne. Mutanen kusurwarsa suna ta ihu ya bar jikin igiya, ya ƙi. A ƙarshen turmi na biyar, bayan Foreman ya zazzage duk abin da ke gare shi, Ali ya taso masa da naushi a jere. A turmi na takwas, saura daƙiƙa kaɗan a kaɗa ƙararrawa, Foreman ya kai ƙasa. Wanda bai san damben zamani ba ma, in ya ga wannan sashe zai gane cewa hankali ne ya ci ƙarfi. Ba ni da ta cewa a kan wannan.

3.0 Zambo

Waƙar maza ba ta tsayuwa sai da abokin gaba, kuma gwargwadon munin da aka ba shi, gwargwadon girman ubangida. Foreman na cikin wannan fim dodo ne. Ba ya magana sai kaɗan, ana nuna shi yana dukan buhun atisaye har ya lotsa, ga kuma karensa da ya sauka da shi daga jirgi, irin wanda aka ce yana tuna wa mutanen ƙasar karnukan 'yan sandan Beljiyam. Har an kawo mai cewa kafin saukarsa mutane sun ɗauka Bature ne. Da haka aka mai da damben ya zama tsakanin Afirka da masu mulkin mallaka.

Alhali kuwa Foreman baƙar fata ne, ya tashi cikin talauci a wata unguwar marasa galihu ta birnin Houston, talaucin da ya fi wanda Ali ya gani a gidansu. Laifin da ake riƙe shi da shi tun 1968 shi ne ya ɗaga 'yar tutar Amurka bayan ya ci zinariya a Meziko, yana ɗan shekara 19. Ali ya ƙware wajen irin wannan zambo, ya yi wa Frazier wanda ya fi wannan ciwo, kuma sana'arsa ce. Ɗan dambe yana da damar yin kirari. Inda nake ganin kuskure shi ne mai fim ya karɓi kirarin ya mai da shi hukunci. Abin mamaki, lokacin da fim ɗin ya fito duniya ta riga ta ga wani Foreman dabam: wanda ya bar dambe a 1977 ya zama mai wa'azin coci, ya komo bayan shekara goma, ya sake cin kambun duniya a 1994 yana da shekara 45. A lokacin yana raye, yana da bakin magana, amma ba a zaunar da shi an ji nasa ɓangaren ba.

4.0 'Yan amshi

Wannan sashe shi ne ya fi damuna, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Sunan fim ɗin yana cewa "mu", to su wane ne mu? In an duba waɗanda aka zaunar suka ba da labari, za a ga Mailer da George Plimpton da Thomas Hauser, dukansu Turawan Amurka, sai Spike Lee, sai Malick Bowens, ɗan wasan kwaikwayo daga Afirka ta Yamma. Mutanen Kinshasa, waɗanda wajen 60,000 daga cikinsu suka cika filin wasa da ƙarfe huɗu na asuba, ana ganinsu ko'ina: yara suna bin Ali da gudu, mata suna rawa, taro yana ta maimaita wannan kirari na harshen Lingala mai cewa Ali ya kashe shi. (Bahaushe ba zai razana da kalmar ba, tun da a dambenmu ma in aka kai mutum ƙasa cewa ake an yi kisa.) Amma amshi kaɗai aka bar musu. Ba a zaunar da ɗan jaridar Zayar ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa an tambaye shi abin da damben ya zama gare su ba, ko abin da ya ci musu. Ko ƙarfe huɗun nan ma an zaɓe shi ne domin ya dace da daren masu kallo a Amurka.

Da an tambaye su, da akwai abin faɗi. An yi wa kowane ɗan dambe alkawarin dala miliyan 5, kuma Don King bai iya haɗa wannan sha'ani ba sai da Shugaba Mobutu ya tsaya masa, domin yana son duniya ta san sunan da ya raɗa wa ƙasar a 1971. Filin wasan kansa sunan ranar kafa jam'iyyarsa yake ɗauke da shi, watau 20 ga Mayu. Wannan shi ne Mobutun da ya sa aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a a 1966, cikinsu har da tsohon Firayim Minista Évariste Kimba. Shi ne wanda aka kashe Pierre Mulele a hannun gwamnatinsa a 1968 bayan an yi masa alkawarin afuwa. Sojojinsa ne suka buɗe wa ɗaliban jami'a wuta a watan Yuni na 1969. A shekarar damben kuma farashin tagulla, wadda ƙasar ta dogara a kanta, ya faɗi warwas. Gaskiya ne fim ɗin bai ɓoye cewa Mobutu azzalumi ne ba. Sai dai ta bakin Mailer aka ji, a matsayin labari mai daɗin ji game da ɗakunan tsare mutane a ƙarƙashin filin wasa, kamar yajin da aka barbaɗa wa tafiya baƙuwar ƙasa. Tambayar da ta kamaci mai tarihin Ali ba a yi ta ba: yaya mutumin da ya sadaukar da kambunsa don ƙin zalunci a 1967 ya zama baƙon alfarma na wannan gwamnati a 1974? Ba ina nufin a kama shi da laifi ba ne, ɗan dambe inda kuɗi yake nan yake zuwa, shekara guda bayan haka ma a Manila ya yi dambe a ƙarƙashin Marcos. Amma makaɗi ne kaɗai ke da izinin tsallake irin wannan tambaya.

Wuri mafi muni shi ne inda Plimpton ya kawo zancen wani boka da aka ce ya faɗi cewa wata mace mai rawar hannu, irin aljanar dare, za ta shafi Foreman ta zuƙe masa ƙarfi. Sai mai haɗa hoto ya riƙa sako fuskar Miriam Makeba tana waƙa, har zuwa lokacin faɗuwar Foreman. Makeba fa, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta hana komawa Afirka ta Kudu tun 1960, wadda ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 ta ba da shaida a kan halin da mutanenta ke ciki, ita ce aka mayar mayya don a ƙawata labari. Bayan haka kuma wannan dabara ta rushe abin da fim ɗin ya gina da kansa, domin an gama nuna mana hikimar Ali ce ta ci, sai ga shi ana raɗa mana cewa wataƙila tsafin Afirka ne.

Haka nan bikin kiɗan da aka yi a watan Satumba, wanda asali shi aka ɗauki Gast ya ɗauka. James Brown da B.B. King sun sami fili sosai, manyan makaɗan ƙasar irin su Franco da Tabu Ley kuwa sai wanda ya nemi wani fim ɗin dabam, "Soul Power" na 2008, zai gan su da ɗan dama. Mai kallo kuma zai fita yana zaton Afirka ba ta san damben duniya ba sai a 1974, alhali Battling Siki na Senegal ya ci kambun duniya tun 1922, Hogan Bassey ya ci a 1957, Dick Tiger kuma ya kare nasa a gaban jama'arsa a Ibadan a 1963.

5.0 Abin da yabo ya rufe

Akwai abu biyu na rayuwar Ali da wannan salo ya danne. Na farko addininsa. Ana jin sa yana ambaton Allah, amma ba a tsaya an bayyana cewa a 1974 yana cikin ƙungiyar Elijah Muhammad ba, wadda aƙidarta ta saɓa wa abin da sauran Musulmi suka sani, kuma sai bayan rasuwar Elijah a 1975 ya bi ɗansa Warith Deen zuwa tafarkin Sunna. Ba a kuma taɓo zuwansa Afirka na farko ba a 1964, sa'ad da ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar, inda a Accra ya haɗu da tsohon amininsa Malcolm X ya juya masa baya, abin da daga baya ya ce yana cikin manyan nadamominsa. Wanda bai san wannan ba bai san mutumin da ya jingina da igiya a Kinshasa ba.

Na biyu shi ne igiyar kanta. Fim ɗin ya ɗauke ta a matsayin ƙololuwar basira, kuma haka take a wannan dare. Amma me dabarar ta ƙunsa? Mutum ya tsaya a doke shi har mai dukan ya gaji. Ali na kafin 1967 da wuya a taɓa fuskarsa. Ali na bayan Kinshasa ya gano jikinsa yana iya shanye abin da ba a zato, ya kuwa ci gaba da dogara da wannan har dambe 14. Cikinsu akwai na Manila a 1975, da na Earnie Shavers a 1977, wanda bayansa likitansa Ferdie Pacheco ya ba shi shawarar ya daina, da aka ƙi ji ya bar tawagar. An ɗan taɓo rashin lafiyarsa a ƙarshen fim, cikin 'yan kalmomi, sa'an nan aka koma kiɗa da hotunan ƙuruciya. Ba aikina ba ne in yanke hukunci a kan musabbabin cutar rawar jiki da aka tabbatar yana da ita a 1984, wannan na likitoci ne. Abin da na sani shi ne masu haɗa fim ɗin a 1996 sun riga sun ga damben 2 ga Oktoba, 1980, inda Larry Holmes, wanda a dā yaron atisayensa ne, ya yi ta dukansa turmi goma yana jingine da igiya kamar yadda ya yi a Kinshasa, sai dai wannan karon mai dukan bai gaji ba, har Angelo Dundee ya hana shi tashi turmi na goma sha ɗaya.