Jinjina Ga Masu Gina Shagon Intanet

Masu gina wa 'yan kasuwa shafin intanet sun cancanci jinjina, domin mafi yawan wahalarsu ba ta bayyana a ido. Mai kaya yakan yaba launi da hotuna, alhali aikin gaske yana ƙarƙashi. Su ne suke rage nauyin hoto don shafi ya buɗe da wuri ko da sabis ya yi rauni, su binciko kalmomin da mai saye yake rubutawa a Google, kamar "atamfa a Kano", su ajiye lambar waya da maɓallin biya na Paystack inda babban yatsa zai kai. Tun 2018 Google ya sanya saurin buɗewa a waya cikin ma'aunin jera sakamako, kuma shagon da ya faɗa shafi na biyu da wuya a leƙa shi.

Wasu za su ce Instagram da WhatsApp sun wadatar, kuma lallai ciniki mai yawa yana gudana a can. Sai dai shafukan sada zumunta rumfar haya ce. A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter na tsawon wata 7, a Oktoban shekarar kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i 6. Mai shafin kansa bai ɓace wa abokan cinikinsa ba. Ƙorafin tsadar gina shafi ma akwai gaskiya a ciki, amma tallan da ake biya yana tsayawa ranar da kuɗi suka ƙare, shafin da aka gina da kyau kuwa Google zai ci gaba da nuna shi ba a biya ko kwabo ba.